Iya Barakatu Mai Dakan Dasashi

A ƙauyenmu, Hillat Gambo, duk wanda ya sayo sabon abu ya san sai ya tsaya gaban Iya Barakatu ya amsa tambayoyi. Wa ya ƙera shi? Me ke cikinsa? In ya lalace wa ke gyarawa? Ita ce ta kwance rediyon marigayi mijinta da wuƙar yankan kuɓewa don ta ga inda maganar ke fitowa, ta kuma mayar da shi yadda yake, sai dai ƙusoshi biyu sun yi ragowa. Ita ce ta tare wani ma'aikacin madatsar ruwa ta Rusairis a cikin hafila, ƙaramar motar hayarmu, ta ce sai ya gaya mata ko ruwan da aka tatsi wuta daga jikinsa yana da sauran ƙarfin shayar da gona. Bawan Allah har ya wuce inda zai sauka yana bayani. Yayar mahaifiyata ce, don haka ina da bakin faɗa: tsohuwar nan tana gajiyar da mutane. Ni Sabah, shayi da jabana, gahawarmu ta nan, nake sayarwa a tashar Rusairis, na saba da surutun direbobi tun safe har la'asar, amma rabin sa'a da Iya ya fi wahalar da ni. Duk da haka ranar da ban gan ta ba sai in ji wani abu ya ɓace mini.

Tambaya ɗaya ce tak ba ta taɓa yi ba. Shekara ashirin da bakwai 'yarta Muhsina ba ta yi dariya a gabanta ba sai da hannu a baki ko gefen mayafi, kuma Iya ba ta taɓa cewa me ya sa ba. Muhsina 'yar fari ce. A gidajenmu har yanzu uwa tana jin kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta zama su yi hira ido cikin ido. In Iya tana son jin wani abu daga Muhsina sai ta juyo wurina ta ce, "Ke Sabah, tambayi 'yar'uwarki ko ta ci abinci," alhali Muhsina tana zaune kan tabarma ɗaya da mu. Amma ba kunya kaɗai ce ta rufe mata baki a kan maganar dariyar nan ba. Ta san amsar, shi ya sa.

A Abu Na'ama aka haifi Iya, a gidan masu tsinkar auduga. Kakarta ce ta taso daga yamma a ƙafa da niyyar aikin Hajji, tafiya ta ƙare mata a bakin kogin nan namu, ta zauna da sana'ar da ta zo da ita, wato dakan leɓe da dasashi. A hannunta Iya ta koya tun tana 'yar shekara goma tana riƙe mata ƙwarya. Ana ɗaure ƙayoyin aduwa bakwai wuri guda. A kifa kasko a kan fitilar man riɗi a kankare baƙin, a haɗa da kwalli da ɗigon madaciyar kifi. Yarinya ta kwanta a tabarma, mata su kewaye ta da tafi da waƙa don kada a ji kukanta. Sai a yi ta tsattsaga dasashin sama har jini ya fito, a goga baƙin, a sake, a kuma sakewa. Kwana uku baki na kumbure. In ya saɓe sai ka ga dasashi ya yi shuɗi mai duhu kamar rinin baba, haƙora kuma su ƙara haske a kansa.

Abin da 'yan yanzu ba su sani ba shi ne, a wancan zamani yarinyar da leɓenta ke ɗagewa sama in ta yi dariya har dasashi ya bayyana, ita ce mai sa'a. Wadda leɓenta ke rufe komai, Iya cewa take an yi asarar kwalli. Daga Abu Na'ama har ƙauyukan kudancin Rusairis, inda aure ya kawo ta, ana aiko mata da jaki ana roƙon ta je. Ta ce ta yi wa mata sun fi ɗari biyu, kuma har yau in ta haɗu da tsohuwa a kasuwa sai ta sa ta dariya da gangan don ta duba ko aikinta ne.

To Allah ya ba ta 'ya mai irin dariyar da take mafarki. Muhsina tun tana ƙarama in ta yi dariya leɓen sama har kusa da hanci yake kaiwa. Lokacin da muka kai shekara goma sha uku, ni da ita, sana'ar ta riga ta fara mutuwa. Malamai sun ce a bari, ma'aikatan lafiya sun ce a bari, 'yan mata sun fara gudu. Ni ma gudun na yi. Na shige gonar dawa tun da hantsi, ban fito ba sai da na tabbata baƙin ya ƙare, na sha dukan tsintsiya, kuma har gobe ina ganin na yi ciniki mai kyau. Muhsina ba ta gudu ba, don ita ba mai musu ba ce. Iya ba ta iya kiran sunanta, ba ta iya ce mata kina da kyau, sai ta zuba duk abin da bakinta ya kasa faɗa a cikin aikin. Matan da suka ga an gama sun yi ta guɗa. Kowa ya yarda ba ta taɓa yin wanda ya kai shi ba, kuma shi ne na ƙarshe da ta yi.

Bayan wata huɗu kawunmu Yahya, wanda ya yi aiki a masaƙar garin Hasahisa, ya zo ya ɗauki Muhsina don ta ci gaba da karatu a can. A can babu yarinya ko ɗaya mai baƙin dasashi a ajinsu. Ran da ta fara dariya a cikinsu wata ta nuna ta ta ce, "Ku zo ku ga wadda ta ci gawayi." Sunan ya bi ta har ta gama makarantar. Da ta zo hutun farko na ba ta wani labari da na san zai kashe ta da dariya, sai na ga hannu ya riga dariyar isa baki. Iya tana tankaɗe a gefe, ita ma ta gani. Ta ci gaba da tankaɗenta.

Haka rayuwa ta yi ta tafiya. Iya ta koma noman kuɓewa da albasa a bakin kogi in ruwa ya janye. Muhsina ta zama malamar makaranta, ta yi aure a Hasahisa, ta haifi 'ya'ya biyu, tana zuwa mana da Sallah. Ta koyi magana leɓe a matse, ta koyi cin abinci fuska a karkace. Mutanen can sun ɗauke ta mace mai kamun kai. Ni da na san ta tun tana hawa bishiyar tsamiya abin yana ba ni haushi, don na san yawan dariyar da ke cikin matar nan. Da yaƙi ya iso Jazira, yankin da Hasahisa take, ta kwaso yaranta ta dawo ɗakin uwarta, ta shiga koyar da 'ya'yan da aka gudo da su. Karo na farko ke nan tun ƙuruciya da ita da Iya suke kwana su tashi a gida ɗaya, kuma hannun nan yana tsakaninsu safe da yamma.

A wurin shayina na ji labarin likitar. Wata mata ce mai aikin haƙori da yaƙin ya koro daga Hartum, ta kama ɗaki biyu a Damazin. Aka ce ban da cire haƙori tana yin wata allura da ke saukar da leɓen sama ya rufe dasashi, ba yanka, ba ɗinki. Na kai wa Muhsina labarin a matsayin abin dariya, don ni ban ga abin da duniya ba za ta ƙirƙiro ba. Ba ta yi dariya ba. Bayan mako biyu ta same ni ina wanke kofuna ta ce ta je ta ga matar, an sa mata ranar Talata.

Na ce, "Ke da shekara arba'in? Wa za ki burge?"

Ta ce, "Ba kowa. Hannuna na yag gaji, Sabah. Ina rubutu ga allo, yara su yi abin dariya, sai in aje alli in rufe baki. Halas, ya ishe ni."

Ni aka bar wa aikin gaya wa Iya. Na yi ta kewaye-kewaye, don a ganina tamkar in ce mata ne za a binne mafi kyawun aikinta. Ta saurare ni tana ɓare albasa. Da na gama ta ce, "Allura ta rufe dasashi? Mi anka zuba cikinta?" Na ce ban sani ba. "Ina ruwan shika zuwa in an tura shi?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Ke kullum ba ki sani ba. Gaya ma 'yar'uwarki da ni za a tahi." Ta ce wai sana'a ce take son ta gani, ƙaya ta ga 'yar'uwarta allura. Ban yarda da ita ba.

Ranar Talata da hantsi muka ƙetare kogi zuwa Damazin. Likitar ba ta kai Muhsina shekaru ba, siririya mai tabarau, Larabci kawai take ji. Iya kuwa Larabcinta na kasuwa ne, amma bai taɓa hana ta tambaya ba. Kafin a zauna ta riga ta ji dalilin da ya sa kujerar aikin likitar ke kwanciya da kanta. Ta ja kujerar roba ta zauna a bayan Muhsina, inda ƙeyarta kawai take gani.

Likitar ta sa Muhsina ta yi murmushi iya ƙarfinta, ta auna dasashin da wani ɗan ƙaramin ma'auni ta rubuta. Sai ta tsaya tana kallo. Ta ce ta taɓa ganin irin wannan zanen a bakin tsofaffi, amma duk dabbare-dabbare, ba ta taɓa ganin wanda ya tafi sumul daga wannan gefe zuwa wancan ba. Wa ya yi shi? Na nuna mata Iya da haɓa. Wallahi sai da tsohuwar nan ta gyara zama. Yau ga wadda ke tambayarta ita. Ta yi bayanin ƙaya, da baƙin fitila, da yadda kowace yarinya sabuwar ƙaya ake yanko mata. Likitar ta ce wannan ne ya taimake ta, don akwai waɗanda bakinsu ya ruɓe a hannun wasu. Ta ce, "Zo ki gani, ya Hajja, har yanzu bai koɗe ba." Iya ta girgiza kai ta ce hannunta ne ya yi shi, ba sai ta leƙa ba.

Daga nan tambaya ta koma hannun mai ita. Likitar ta nuna mata sirinji ɗan ƙarami da wani abu a ciki mai yauƙi, garai-garai kamar ruwan ƙaro. Ta ce sunansa fila, kuma irinsa yana nan a jikin kowa, a fata da gaɓoɓi. Ta ce a gefen hanci akwai tsokar da ke jan leɓe sama in mutum ya yi dariya, ta Muhsina ja take ya wuce kima. Za ta zuba kaɗan a gindin hanci dama da hagu, kaɗan a leɓen, don tsokar ta sami abin da zai tare ta.

Iya ta ce, "Ashe dutse za ki ɗaura ma labule don iska shi bar ɗaga shi."

Likitar ta yi dariya ta ce kusan haka ne, sai dai ba kowane baki yake yi wa ba, kuma in hannun da bai iya ba ya soki hanyar jini, ɓarnar tana da girma.

"To shekara nawa shika yi?"

"Wata takwas, in ya daɗe shekara. Jiki yana shanye shi a hankali, sai a sake in ana so."

Iya ta kalle ni ta taɓe baki. Da Hausa ta ce, "Kin ji aikin zamani. Wata takwas! Nawa har kabari." Ta ji daɗin wannan magana ƙwarai, har ta maimaita ta da Larabci don likitar ta amfana.

Likitar ba ta ji haushi ba. Ta ce ai da gangan aka yi shi haka. In mutum ya duba madubi bai so abin da ya gani ba, akwai wata allurar da ke narkar da shi cikin kwana ɗaya ko biyu, fuskarsa ta dawo yadda take. Ta juya wurin Muhsina ta sake jera mata abin da zai iya biyo baya, kumburi da ɗan tabo na 'yan kwanaki, ta tambaye ta ko ta yarda. Ta ba ta takarda ta karanta ta sa hannu. Da ta ɗauko allurar ma sai da ta ƙara tambayarta.

Na ga fuskar Iya ta sauya. Ta ce a hankali, "Doktora, nawa hwa? Akwai allurar da ka narkar da shi?"

Likitar ta dube ta. Ta ce a manyan asibitoci akan kankare wani, amma wannan ya shiga da zurfi, kuma a nan, a wannan hali da ake ciki, babu.

Aka shafa wa Muhsina man da ke kashe zafi, aka jira. Allurar siririya ce kamar ƙayar ƙarangiya. Likitar takan soka, ta ɗan ja baya ta duba ko jini ya biyo, sannan ta tura a hankali, ta murza wurin da yatsa. Sau huɗu, aka gama. Na jira Iya ta ce, huɗu kacal? Ba ta ce ba. Sai ta matso kusa da kunnena ta ce, "Sau ukku tat tambaye ta. Na ƙirga. Ni ban tambayi kowa ba, Sabah. Ni ma ba a tambaye ni ba." Tun da nake da ita ban taɓa jin muryarta ta yi ƙanƙanta haka ba, sai na ji tausayinta ya kama ni.

Muhsina ta karɓi madubi ta juya mana baya ta daɗe tana dubawa. Likitar ta ce yau kada ta sha abu mai zafi, kada ta danne wurin. Muka fito. Muka hau hafila. Mun wuce sabon injin ban ruwa a bakin hanya, ja wur, Iya ko kallonsa ba ta yi ba, abin da ya tsorata ni ke nan.

Da muka sauka a Rusairis na ce su zauna a rumfata su huta kafin motar ƙauye ta cika. Na ba Muhsina zoɓo mai sanyi. Sai ga Mati direba, mai bakin da ba ya rufuwa, da ƙullin taba cushe a leɓen ƙasa kamar kullum. Ya ga 'yan jajayen ɗigo a gefen hancin Muhsina ya ce me ya sami Malama. Na ɗauka Iya za ta kore shi. Sai ta ɗauki cokalin shayina ta miƙe ta fara nuna masa a fuskarsa: a nan ake sokawa, a nan tsokar take, ga yadda ake ja baya a duba jini. Ba ta manta ko kalma ɗaya ba. Direbobi suka taru. Ta ƙare da taɓa kumburin tabar da bayan cokali ta ce, "Kai ma ai shekara talatin kana ma kanka fila, ya zol, bawan Allah. Sai dai leɓen ƙasa kaka cusa ma, shi ko ba shi ad da laihi ba."

Rumfa ta kece da dariya. Mati ya ƙware da tabarsa yana tari yana rantse-rantse. A cikin hayaniyar na ji wata dariya da na manta sautinta, mai ƙarfi, har da shessheƙa a ƙarshe. Na juya. Muhsina ce, kai a baya, hannu biyu riƙe da kofin zoɓo. Leɓen ya tsaya daidai saman haƙora, ɗan siririn shuɗi kawai ake gani.

Iya tana tsaye a gabanta da cokali a hannu, wannan karon ba ta kau da kai ba. Na zaci dasashin take nema. Ashe wani abu ta gani: a gefen hagu, bayan fiƙa, akwai giɓi. Ni ma ban san da shi ba.

Wannan karon ba ta aika tambayar ta bakina ba, Muhsina ta kalla. Ta ce, "Ina haƙorin nan?"

Muhsina ta ce, "An cire shi, Iya."

"Yaushe?"

"Shekara goma sha ɗaya. Ina da cikin ƙaramin. Wata guda fuskata na kumbure, ko wainar kisra ban iya taunawa."

"Wa ad dama maki kunu?"

"Ni nika dama abina."

Iya ta ajiye cokalin a kan teburina a hankali. Muka isa ƙauye. Ko mayafi ba ta cire ba ta wuce madafa, ta hura wuta, ta jiƙa tsamiya, ta dama kunun gero. Ta zauna a bakin ƙofa tana ɗaga shi da ludayi tana zubawa, tana ɗagawa tana zubawa, har tururin ya ƙare. Ta ɗiga a bayan hannunta ta ji ya huce, sannan ta tashi ta kai wa 'yarta da kanta. Ta tsaya a kanta har ta shanye.